Kafaɗar Soja A Gaban Alƙali: Ilmin Halittar Jiki Da Ƙararrakin 'Yan Mazan Jiya A Amurka

A shekarar 1997 wani dattijo Ba'amurke ya kai takardar neman diyya ga Ma'aikatar Harkokin Tsofaffin Sojoji ta ƙasarsu. Ya yi aikin soja daga 1957 zuwa 1959. Ya ce kafaɗarsa ta dama ta goce a lokacin da ake ba shi horon farko a barikin soja, kuma ciwon da yake fama da shi a tsufansa daga can ya samo asali. Ma'aikatar ta nemi takardun asibitin soja da za su tabbatar da maganarsa, ba a same su ba, domin an yi imani suna cikin waɗanda suka ƙone a gobarar da ta tashi ranar 12 ga Yuli, 1973 a babbar ma'adanar takardun sojoji da ke birnin Sen Luwis, inda fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18 suka salwanta. Abin da ya rage masa shi ne maganar bakinsa da shaidar wani abokin aikinsa wanda ya tuna da irin zafin da ya sha. Aka ƙi biyansa, bisa hujjar cewa shi ba likita ba ne, don haka bai isa ya faɗi abin da ya sami gaɓarsa ba.

Bai haƙura ba. Ya yi ta ɗaukaka ƙara har zuwa 2007, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Washinton ta ce an yi kuskure. A wannan shari'a, wadda aka sani da sunan Jandreau, kotun ta bayyana cewa akwai larurorin da mutumin da bai karanci likitanci ba zai iya gane su, kamar karayar ƙafa, akwai kuma waɗanda sai gwani, kamar nau'o'in ciwon daji. Sai ta mayar da ƙarar domin a sake dubawa ko gocewar kafaɗa tana cikin kashi na farko.

Wannan labari ya nuna wani wuri da ɗalibai ba su cika zaton ilmin halittu yana shiga ba, watau zauren shari'a. Duk alƙalin da zai yanke hukunci a kan kafaɗar ɗan mazan jiya, tilas ne ya san yadda aka gina wannan gaɓa, da yadda take lalacewa, da yadda ake auna lalacewarta.

Ginin Kafaɗa

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi kafaɗa: ƙashin damtse, da allon kafaɗa wanda ke kwance a bayan haƙarƙari, da siririn ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kan kafaɗa. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune a wani ɗan gurbi da ke gefen allon kafaɗa. Idan aka kwatanta shi da gaɓar ƙugu, bambancin a fili yake. A ƙugu, kan ƙashin cinya ya nutse cikin rami mai zurfi kamar taɓarya a cikin turmi. A kafaɗa kuwa gurbin ba shi da zurfi, abin da yake taɓawa na kan ƙashin damtse bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Zamansa ya fi kama da zaman tulu a kan gammo.

Wannan rashin zurfi shi ya ba hannu damar kaiwa sama da baya da gefe, har kafaɗa ta zama gaɓar da ta fi kowace yawan motsi a jikin ɗan Adam. Shi ne kuma ya sa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa. Abubuwan da ke riƙe da ita masu laushi ne. Akwai zoben guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin yana ƙara masa zurfi. Akwai jakar tantani da jijiyoyin ɗauri da suka lulluɓe gaɓar. Sa'an nan akwai tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka kama kan ƙashin damtse, ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba. Jijiyoyinsu sun haɗu sun zagaye gaɓar, shi ya sa za a iya kiransu ɗamarar kafaɗa. Aikinsu shi ne su danne ƙwallon a cikin gurbinsa yayin da babbar tsokar da ta rufe kafaɗa take ɗaga hannu.

Lafiyayyen mutum yana iya ɗaga hannunsa daga gefen cinya har ya miƙe a saman kai, watau digiri 180. Daga cikin wannan, kimanin digiri 120 ne ke fitowa daga gaɓar kanta, sauran 60 kuwa daga juyawar allon kafaɗa a kan haƙarƙari. Wani likitan fiɗa na birnin Boston, Ernest Codman, ya yi bayanin wannan tafiya tare ta ƙasusuwan biyu a littafinsa kan kafaɗa na 1934, kuma binciken Inman da abokan aikinsa na 1944 ya fitar da lissafin biyu bisa ɗaya.

Abin Da Aikin Soja Ke Yi Wa Kafaɗa

Rauni na farko shi ne gocewa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take yi, galibi idan aka fizgi hannu baya alhali yana ɗage, ko mutum ya faɗi ya dafa ƙasa. Larura ce daɗaɗɗiya, domin tun zamanin Girkawa Hifokiratis ya rubuta yadda ake mayar da ita. Abin da ilmin zamani ya ƙara shi ne sanin ɓarnar da take bari a ciki. A 1923 likitan Ingila Blundell Bankart ya bayyana yadda zoben guringuntsi ke yagewa daga bakin gurbi, a 1940 kuma Hill da Sachs suka nuna loɓar da ke samuwa a bayan kan ƙashin damtse idan ya bugi bakin gurbin. Idan zobe ya yage bai koma daidai ba, ƙofa ta buɗe ke nan, kafaɗar za ta riƙa fita a kai a kai. Wannan ya fi yawa ga wanda ta fara goce masa yana matashi, sojoji kuwa yawancinsu matasa ne.

Alkaluma sun tabbatar da haka. Wani bincike da aka buga a 2007 kan ɗaliban makarantar hafsoshi ta West Point ya gano cewa kimanin kashi 2.8 cikin 100 sun sami gocewa ko zamewar kafaɗa a shekarar karatu guda. Wani na 2009 ya ƙiyasta gocewar kafaɗa a rundunonin Amurka da 1.69 a kowane mutum 1,000 a shekara, alhali a tsakanin jama'ar ƙasar gaba ɗaya an samu kimanin 24 a kowane mutum 100,000. Watau soja ya fi farar hula shiga wannan hatsari kusan sau bakwai.

Rauni na biyu a hankali yake zuwa. Jijiyar tsokar da ke saman ɗamara tana bi ta wani ƙunƙuntaccen lungu a ƙarƙashin rufin ƙashi, wanda faɗinsa bai wuce kamar santimita ɗaya ba, tare da wata 'yar jakar ruwa da ke rage guga. Yawan aiki da hannu a sama, kamar loda kaya a mota ko gyaran jirgi, yana sa jijiyar ta riƙa gogar rufin. Charles Neer ya yi bayanin wannan matsi a 1972. Ga shi kuma wani yanki na jijiyar ba ya samun jini sosai, saboda haka ba ta saurin warkewa. Sannu a hankali sai ta sassaƙe, daga baya ta yage.

Lissafin ƙarfi zai taimaka a nan. A ƙaddara soja ya ɗaga kaya mai nauyin kilo 5 da miƙaƙƙen hannu, nisan kayan daga gaɓa santimita 60. Tsokar da ke ɗaga hannun tana jan ƙashi ne daga nisan da bai wuce santimita 3 ba. Dole ta yi ja ninki 20, watau daidai da nauyin kilo 100, ban da nauyin hannun kansa. Idan aka maimaita wannan sau dubbai cikin shekaru, ba abin mamaki ba ne gaɓa ta gaji. Akwai kuma illar jakar goyo mai nauyi, wadda maɗaurinta kan danne tarin jijiyoyin laka da ke bi daga wuya zuwa hannu, har hannu ya yi sanyi ko ya riƙa mutuwa.

Yadda Ake Mayar Da Ciwo Lamba

Kafin a biya tsohon soja diyya, sai ya tabbatar da abubuwa uku: yana da larura a yanzu, wani rauni ko ciwo ya same shi a lokacin aiki, kuma akwai alaƙa tsakanin biyun. Idan an amince, sai a duba jadawalin kimanta nakasa, wanda asalin tsarinsa na 1945 ne, ana kuma yi masa gyara lokaci-lokaci. Jadawalin yana ba kowace larura kaso daga 0 zuwa 100, gwargwadon yadda take rage wa mutum ikon neman abinci.

Game da taƙaituwar motsin hannu, wadda ke ƙarƙashin lamba 5201, ma'auni uku ne. Wanda ba ya iya ɗaga hannu ya wuce daidai kafaɗa, watau digiri 90, ana ba shi kashi 20. Wanda hannunsa ke tsayawa a rabin wannan, digiri 45, ana ba shi kashi 30 idan hannun da ya fi amfani da shi ne, ko 20 idan ɗayan ne. Wanda bai wuce digiri 25 ba yana samun 40 ko 30. Gyaran da ya fara aiki a watan Fabrairun 2021 ne ya rubuta digiri 90 da 45 a fili, domin a da kalmomi ne kawai. Doka ta yi la'akari da bahago, domin hannun da mutum ya fi aiki da shi ake dubawa, ko dama ko hagu. Wanda yake amfani da duka biyun daidai, hannun da ya fi rauni ake ɗauka a matsayin babba.

Yawan gocewa yana da nasa ma'auni a lamba 5202. Idan jefi-jefi take fita, kashi 20 ne. Idan tana yawan fita har mutum yana tsoron kowane motsi, kashi 30 ne ga babban hannu. Gaɓar da ta sandare gaba ɗaya a mummunan zama tana kaiwa kashi 50, wadda kuma ta rasa kan ƙashin damtse har hannu yana lilo tana kaiwa 80.

Haɗa kaso ba tarawa ba ce irin ta aji ɗaya. Idan mutum yana da larurar kashi 30 da wata ta kashi 20, ana ɗauka ta farko ta bar masa lafiya kashi 70, ta biyu kuma ta ci kashi 20 na wannan ragowa, watau 14. Jimla 44, a mayar da ita goma mafi kusa, ta zama 40. Amma idan larurorin biyu a kafaɗun dama da hagu suke, ana ƙara kashi ɗaya cikin goma na jimlar, saboda babu lafiyayyen hannun da zai ɗauke wa ɗan'uwansa aiki. Sai 44 ta zama 48.4, a mayar da ita 50.

Waɗannan lambobi abinci ne a gidan mai su. Diyyar wata-wata ake biya, ba a cire mata haraji, kuma sai kaso ya kai 30 ake ƙara wa mutum kuɗi saboda mata da 'ya'ya. Don haka 'yan digirori kaɗan a ma'aunin likita na iya raba magidanci da haƙƙin iyalinsa har tsawon rayuwa.

Matakan Ɗaukaka Ƙara

An kafa hukumar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka a 1930, ta zama cikakkiyar ma'aikata a 1989. Tun 1933 take da Hukumar Ɗaukaka Ƙara a cikinta, amma fiye da shekara hamsin hukuncinta shi ne na ƙarshe, domin doka ta hana kotuna sake duba shi. Sai a 1988 majalisar dokoki ta kafa kotu ta musamman mai zaman kanta domin ƙararrakin tsofaffin sojoji. Daga wannan kotu ana iya wucewa Kotun Tarayya, har zuwa Kotun Ƙoli.

Dokar da aka zartar a 2017, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2019, ta ba wanda bai gamsu ba hanyoyi uku. Yana iya neman wani babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake. Yana iya kawo sabuwar shaida. Yana kuma iya zuwa Hukumar Ɗaukaka Ƙara kai tsaye, a gaban alƙali. Shekara guda ake ba shi ya nemi bitar babban jami'i ko ya tafi Hukumar, idan kuma Hukumar ta ƙi shi, yana da kwana 120 ya kai ƙara kotu. Wata ƙa'ida mai muhimmanci ita ce, idan hujjojin ɓangarorin biyu suka yi kusan kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya.

Inda Ma'auni Ya Gaza

Likita yana auna motsin gaɓa da wani ƙarfe mai hannu biyu da ake kira goniyomita, ɗan'uwan ma'aunin kusurwa da ke cikin akwatin lissafin ɗalibi. Matsalar ita ce awon na rana ɗaya ne, a ɗaki mai natsuwa, da hannun da ya huta. Kafaɗar da ta kai digiri 100 da safe tana iya kasa kaiwa 60 bayan aikin yini, domin jakar ruwa da jijiya sun kumbura, lungun ya ƙara matsewa, zafi kuma yana sa ƙwaƙwalwa ta rage umarnin da take aika wa tsoka.

A kan wannan ne aka yi shari'ar DeLuca ta 1995, wadda ita ma kan kafaɗa ce. Kotun tsofaffin sojoji ta yanke cewa digirin da aka auna bai wadatar ba, dole a duba raguwar aiki saboda zafi da rauni da saurin gajiya, musamman lokacin da ciwo ya tashi, a kuma ƙiyasta ta da digiri idan zai yiwu. A yau likita kan sa mutum ya maimaita motsin aƙalla sau uku ya sake aunawa. A 2017, a shari'ar Sharp, kotun ta ƙara da cewa likita ba zai fake da cewa bai ga mara lafiya a ranar da ciwon ya tashi ba. Wajibi ne ya tambaye shi yawan tashin ciwon da tsawonsa da tsananinsa, ya yi ƙiyasi a kai.

Shari'ar Correia ta 2016 ta wajabta auna gaɓa ta hanyoyi dabam-dabam: mutum ya motsa da kansa, likita ya motsa masa, da nauyi da kuma babu nauyi, a kuma gwada da lafiyayyar gaɓar ɗaya ɓangaren. Dalilin wannan a ilmin halitta yake. Idan jijiyar ɗamara ce ta yage, mutum yana iya kasa ɗaga hannu da kansa, amma likita zai iya ɗaga masa har sama, tun da gaɓar a buɗe take, igiyar ja ce ta tsinke. Idan kuwa jakar gaɓar ce ta ƙanƙance ta yi tauri, ko wane ne ya ja hannun ba zai wuce inda ya tsaya ba. Awo biyun nan su ke raba larurorin biyu.

Ba kullum tsofaffin sojoji ke yin nasara ba. A shari'ar Yonek ta 2013 mai ƙara ya nemi a ba shi kaso ɗaya saboda kasa ɗaga hannu ta gaba, wani kuma saboda kasa ɗagawa ta gefe. Kotun Tarayya ta ƙi, ta ce lamba 5201 kaso guda take bayarwa ga kafaɗa guda.

Rauni Ne Ko Tsufa?

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta alaƙa. Mutum mai shekara 65 ya zo da hoton na'urar maganaɗisu da ke nuna yagewar jijiya, ya ce faɗuwar da ya yi yana ɗan shekara 20 ce sanadi. Wani bincike da aka buga a 1995 ya ɗauki hoton kafaɗun mutum 96 waɗanda ba su da wani ciwo. Kashi 34 cikin 100 an same su da yagewa, a cikin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa, kashi 54. Wannan ya nuna yagewa tana iya zuwa da shekaru kawai, kuma hoto shi kaɗai ba ya faɗin lokacin da ɓarna ta fara, ba ya kuma faɗin yawan zafin da mai ita ke ji.

Saboda haka likita kan nemi wasu alamomi. Tsohuwar loɓa a kan ƙashin damtse ko yagaggen zoben guringuntsi suna nuna an taɓa gocewa. Zaizayar gaɓa da ta yi tsanani a kafaɗa ɗaya, ɗayar kuwa lafiya lau, ta fi kama da aikin rauni, domin tsufa yakan taɓa ɓangarorin biyu. Ana kuma duba ko mutum ya ci gaba da kukan ciwon tun bayan barin aiki, da irin sana'ar da ya yi daga baya. Doka ba ta neman likita ya rantse. Abin da take so ya faɗa shi ne ko yiwuwar alaƙar ta kai rabi, tare da dalilansa. Rahoton da bai kawo dalili ba yana daga cikin abubuwan da ke sa a mayar da ƙara baya a sake bincike, mai ƙara kuwa ya ƙara jira.

Gwaji A Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai yawancin abin da aka faɗa ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A samo allon kafaɗa da ƙashin ƙafar gaba na rago daga mahauta, a wanke, a duba rashin zurfin gurbin, sa'an nan a gwada shi da gurbin ƙugu. Ɗalibai za su lura cewa rago ba shi da ƙashin nan da ya taso daga wuya, domin ƙafarsa gaba da baya kawai take tafiya. Bayan haka ɗalibi ɗaya ya tsaya jikin allo ya ɗaga hannu ta gefe, wani ya zana layi ya auna kusurwar, na uku ya ɗora tafinsa a bayansa ya ji lokacin da allon kafaɗa ya fara juyawa. A maimaita awon da ɗalibai uku dabam-dabam a kan hannu guda, a rubuta sakamakon. Da wuya su sami lamba ɗaya.

Wannan ɗan bambanci da za su gani shi ne abin da alƙalai da likitoci a Amurka suka shafe shekaru suna muhawara a kai. Ɗalibin da ya gane cewa kowane awo yana da iyaka, ya kuma koyi rubuta yaushe aka yi shi, da wane hali, da wace hanya, ya kama hanyar zama masanin kimiyya na ƙwarai. Wata rana mai yiwuwa ne rahoton da zai rubuta shi zai yanke ko wani magidanci zai sami haƙƙinsa.